Kada Mu Raina Gero Da Dawa

A jikin kowane ganye akwai dubban 'yan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke shaƙar iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwan jikinsa ke tsiyayewa. Kowace kafa tana da ƙwayoyin halitta biyu masu gadinta. In iskar ta yi yawa su tsuke ta, in ta yi ƙaranci su buɗe. A 2022 masana a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka gano sunadaran da tsiro ke auna yawan iskar da su.

To, ina ruwan manomin Birnin Tsaba da wannan? Gero da dawa suna da baiwar tara iskar kabon cikin ganye, saboda haka ba sai sun wangale kafofinsu ba, ruwa kaɗan ya ishe su. Shinkafa da alkama ba su da wannan baiwa. Duk wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san wanda ya fi jimiri.

Yau iskar kabon ta haura kashi 420 cikin miliyan, daga wajen 280 kafin zamanin masana'antu, zafi kuma sai ƙaruwa yake. Lalle ne hukumomin gona su kai ingantaccen irin dawa na Samaru da na gero na Cibiyar Tafkin Chadi ga manoman Zurmi, Shinkafi da Ƙaura Namoda kafin faɗuwar damina. Ɗalibanmu kuwa su daina kallon hatsin kakanninsu a matsayin abincin talaka. Allah ya ba mu damina mai albarka.