Daƙiƙa 15 a TikTok, kwana shida a gareji: abin da masu wasa da mota ba su kwafa ba

Duk mai TikTok a Jega ko Aliero ko Maiyama ya san irin bidiyon nan. Rakiyar amarya ce ko murnar gama makaranta, wani ya aro Golf ko tsohuwar BMW, ya taka totur ya ja birkin hannu, mota ta yi juyi, ƙura ta turnuƙe, samari sun yi da'ira kowa ya ɗaga waya. Idan babur ne, an ɗaga tayar gaba, na baya ya saki hannu. Daƙiƙa 15, a ɗora waƙa a kai, kafin magariba ya zagaye WhatsApp.

Ba na cikin masu cewa son gudu hauka ne. Tseren mota wasa ne na gaske, akwai ilimi a cikinsa, akwai kuma masu cin abinci da shi. Ƙorafina shi ne waya ta nuna mana ƙarshen aikin ta ɓoye farkonsa, mu kuma muka kwafi ƙarshen muka kawo shi bakin kasuwa.

Bidiyon da ya fi tashe a irin wannan tsere a 'yan shekarun nan shi ne na Ross Chastain. Ranar 30 ga Oktoba 2022, a filin Martinsville da ke jihar Bajiniya a Amurka, ana zagayen ƙarshe, yana na goma kuma yana buƙatar ya wuce motoci kafin ya shiga wasan ƙarshe na gasar NASCAR. Da ya zo kwana bai taka birki ba, sai ya jingina motar da bango ya ci gaba da taka totur, bangon ya zagaya da shi, ya tsallake layin ƙarshe a na biyar. Da aka tambaye shi, ya ce a wasan NASCAR 2005 na GameCube ya ga dabarar yana yaro. Chastain ɗan gidan manoman kankana ne daga Fulorida, don haka ɗan mai albasa a Aliero kada ya ɗauka wasan na 'ya'yan sarakuna ne kawai.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne dalilin da ya sa ya fito da ƙafarsa. Bangon da ya goga an yi shi ne da ƙarfe da soso don ya shanye karo. Sama da bangon akwai ragar waya tsakaninsa da 'yan kallo. Cikin motar kejin bututun ƙarfe ne aka yi wa walda ya kewaye direba, kujerar ta rungume shi, bel mai madauri da yawa ya ɗaure shi, taga da raga, rigarsa ba ta saurin kama wuta. Hular kwanonsa a haɗe take da wata na'ura da ke zama a kafaɗa, HANS, wadda ke hana kai fizgewa gaba idan mota ta tsaya farat ɗaya. NASCAR ta wajabta irin wannan na'ura ne a 2001, bayan Dale Earnhardt ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairun shekarar. Duk da wannan tanadi, da aka shiga 2023 hukumar ta ce duk wanda ya sake hawa bango irin na Chastain za a hukunta shi. Su da ke da komai sun ce a'a. Mu da ba mu da ko bel mai aiki muna cewa a maimaita, kyamara ba ta ɗauka da kyau ba.

Martinsville gajeren fili ne, zagaye ɗaya bai kai mita 850 ba. Akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta, kamar Bowman Gray a Karolina ta Arewa, wanda zagayensa kusan mita 400 ne, an kewaye filin ƙwallo da shi. A irin waɗannan ƙananan filaye yawancin masu tseren daren Asabar ba attajirai ba ne. Makanikai ne da manoma da direbobin manyan motoci, su tashi daga aiki su shiga gareji da ƙanne da abokai. Aikin da suke yi daga Litinin zuwa Juma'a shi ne ya kamata ya burge mai son na'ura.

Suna ɗora motar a kan sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, su ga yadda nauyi ya rabu. Tun da hagu kawai ake juyawa a waɗannan filaye, sukan sa tayar dama ta ɗan fi ta hagu girma, su auna kewayenta da tef. Mirgina kofin roba mai faɗin baki a ƙasa ka gani, da kansa zai yi kwana, to dabarar ke nan. Bayan gwaji, da mota ta tsaya, wani zai ruga ya auna zafin taya a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, ya rubuta. Idan tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Birki kuwa shi ne rai: a tseren zagaye 500 a Martinsville direba zai taka shi da ƙarfi sau dubu, har faifan ya yi ja kamar garwashi. Ana bin kowane noti da sifana. Ranar tsere alƙalai su duba motar kafin ta shiga, motar asibiti tana tsaye, a manyan rukunai kuma wani yana can saman rumfa da oba-oba yana gaya wa direba wa ke gefensa. Duk wannan ba ya samun masu kallo a TikTok, domin babu wanda zai tsaya kallon mutum yana rubuta lamba a littafi.

Ga inda wayarka ta shigo. Yawancin motocin kwatano da ke yawo a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD2. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur. Akwai 'yar na'ura mai Bluetooth, ELM327, da ake soka wa a wurin, ka haɗa da manhaja irin Torque a Android, sai ga zafin ruwan inji da yawan juyinsa da lambar matsalar da ta sa fitilar inji ta kama, duk a fuskar waya. Na jabu sun cika kasuwa, wasu ba sa karanta kowace mota, amma ko mai arhar ta fi "bari mu canza mu gani". Manhajoji irin RaceChrono suna auna lokacin zagaye da GPS. Sai dai ka sani, GPS na yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabunta wuri a daƙiƙa, mota mai gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a wannan daƙiƙar. Shi ya sa masu abin da gaske suke sayen ƙaramin GPS na daban mai sabuntawa sau goma ko fiye.

Riƙe wannan lissafi, domin ya shafi mai ɗaukar bidiyo. Ko a gudun 60, mota tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Kai da ke tsaye taku goma daga inda ake juyi, idonka a kan fuskar waya, idan taya ta fashe ba ka da lokacin da za ka ɗaga ƙafa. Kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi huɗu. Tayar da ake wannan wasa da ita fa? Duba gefenta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Je ka duba ta motar da aka yi wasa da ita a bikin da ya wuce. Aliero ta yi suna a ƙasar nan wajen gyaran karaya, daga nesa ake kawo mutane wurin masu ɗori, amma mai ɗori ba ya ɗora wuya, ba ya kuma dawo da yaron da aka take yana kallo.

Masu cewa sun ƙware a wasan waya, su ma akwai magana. Gaskiya ne wasan kwamfuta ya fitar da direbobi. William Byron, wanda ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025, a iRacing ya fara. Rajah Caruth, matashi baƙar fata da ya taso a birnin Washinton, shi ma daga nan ya fito har ya ci tseren NASCAR na motocin a-kori-kura a Las Begas a 2024. Amma iRacing kwaikwayon gaske ne, da sitiyari da feda, idan ka yi karo a rage maka maki. Asphalt da muke bugawa a waya, inda mota ke tashi sama ta dira ta ci gaba, nishaɗi ne kawai. Kuma su biyun da suka bar kwamfuta, ƙananan filaye masu shinge suka nufa suka fara daga ƙaramin rukuni, ba titin unguwarsu ba.

Na san abin da iyaye za su ce: a hana kawai, a kama mota, a ci tara. A kan titi da cikin gari ina tare da su ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin wanda ya tura bidiyon yana da kaso a laifin, domin don shi aka yi wasan. Idan babu wayoyi a sama, rabin masu juyin nan ba za su ƙona tayarsu ba. Amma hani kaɗai mayar da abin yake yi bayan gari da dare. Mu da muka gaji sukuwa mun san maganin tun da daɗewa: ba a tseren doki a tsakiyar kasuwar Jega, fili ake warewa, da alƙalai, da inda 'yan kallo ke tsayawa. Jihar Kebbi ma ba baƙuwar harkar mota ba ce. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020 an yi gangamin motoci daga Abuja, lokacin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt, yana shugabantar hukumar NADDC. A jihar Edo kuma akwai filin tsere a Evbuobanosa.

Fili na mita 400 ba ya buƙatar kwalta. Yana buƙatar ƙasa shimfiɗaɗɗiya nesa da gidaje, tankar ruwa ta kwantar da ƙura, tsofaffin tayoyi a ɗaure a jere a kwana, 'yan kallo can baya da shinge, jami'an kiyaye haɗurra na FRSC su duba abin hawa, motar asibiti ta tsaya har a tashi. Ko da haka za a ji ciwo wani lokaci, kuma kuɗi zai ci, kada wani ya ce maka kyauta ne. Ƙananan hukumomin nan uku maƙwabtan juna ne, za su iya haɗa hannu a kan fili ɗaya. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero tun 2006, ɗaliban injiniya suna neman aikin kammala karatu, ga na'urar auna lokaci da za a haɗa, ga keji da za a zana wa masu waldar Jega.

A fara da babura, tun da su ne a hannun kowa: inji iri ɗaya, hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, ba goyo, mutum ɗaya a fili a lokaci guda ana auna masa lokaci da waya. Wanda birkinsa bai ci gwaji ba ya koma wurin bakanike ya dawo wani makon.