Kafin Fitilar Tsofaffinmu Ta Mutu

A garin Blaenavon na yankin Wales, a Birtaniya, akwai wani ramin kwal mai suna Big Pit. An daina haƙa a cikinsa a 1980, amma ba a cike shi ba. A 1983 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, aka kuma kirawo tsofaffin ma'aikatan ramin su zama 'yan jagora. Baƙo kan sa hular kwano mai fitila, ya ajiye ashana da waya a bakin ƙofa, a sauke shi ƙasa mita 90. Can ciki sai jagoran ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Duhun da ya rufe su a wannan lokacin ya fi dogon bayani faɗa wa mutum irin rayuwar da aka yi a wurin.

Mu nan Kauru ba mu haƙi kwal ba, amma hayaƙinsa ya ratsa ƙasarmu. A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da Inugu. Da layin dogo na gabas ya bi ta Kafanchan ya haɗe da na arewa a Kaduna a 1927, kwal ɗin nan ne abincin jiragen ƙasa, kuma da shebur ake zuba shi a wuta dare da rana. Mutanen Inugu har yau suna tunawa da 18 ga Nuwamba 1949, ranar da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a mahaƙar Iva Valley.

Namu ramin shi ne na kuza. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa, har da na Zariya, zuwa aikin tilas a Filato. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Bayan yaƙin ma, samari sun ci gaba da tafiya barikin kuza da rani don neman kuɗin haraji da na aure.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da nake gaisarwa kullum. Ran nan ya tuɓe hula zai yi alwala, na ga tsakiyar kansa sumul, fata ta yi kauri.

"Baba, wannan fa?"

"Kwanon ƙasa ne, yaro. Shekara bakwai ina ɗaukarsa daga rami zuwa wurin wanki."

Tun ina ƙarami nake wucewa ta ƙofarsa, ban taɓa tambaya ba sai ranar. Na ji kunya ƙwarai.

Abin da mutanen Blaenavon suka gane shi ne, wanda ya shiga rami shi ya fi cancanta ya ba da labarinsa. Mu ba sai mun jira gini ko kasafin gwamnati ba. Waya mai ɗaukar murya ta isa. Malaman sakandare su tura ɗalibai gida-gida, daga Kauru zuwa layin reluwe na Kafanchan, dagatai da masu unguwanni su nuna musu ƙofofin tsofaffin 'yan kuza da ma'aikatan jirgi. A tambaye su nawa ake biya a mako, wa ke rubuta sunan lebura, wace waƙa ake yi in rana ta take, su wa suka tafi ba su dawo ba. Kowa ya yi magana da harshen da ya tashi da shi, a kuma nemi matan da suka dafa tuwon bariki.

Jibi zan koma wurin Baba da waya da goro. Ya ce in zo bayan la'asar, kafin sanyi ya sauko.