A Abuja ɗan siyasa ke ƙarya, talaka ke biyan kuɗinta

A ranar 24 ga Maris, 2025 malaman firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya suka kulle ajujuwa suka koma gida, ba su dawo ba sai a watan Yuli. Sama da wata uku yaran Zuba da Dei-Dei da Gwagwa da Karmo da Abaji suna gararamba a unguwa, wasu an ɗora musu talla, wasu suna bin iyayensu kasuwa. Abin da malaman suka nema shi ne mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ya zama doka tun Yulin 2024, da bashin haƙƙoƙinsu da ya taru. Shugabannin ƙananan hukumomi shida, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, sun riga sun yi yarjejeniya da ƙungiyar malamai cewa za su biya. Lokaci ya yi, aka ji shiru. Sai da Minista Nyesom Wike ya shiga tsakani, aka ware wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin, sannan aka buɗe makarantu.

To jama'a, wa ya yi asara? Yaron mai gadi da na ɗan acaɓa da na mai shayi sun rasa kusan zangon karatu guda, kuma ba wanda zai dawo musu da shi. Waɗanda suka saɓa alƙawarin kuwa ba wanda ya rasa kujerarsa saboda haka, ba wanda aka rage wa ko sisi. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a siyasarmu an faɗaɗa ramin har mota na juyawa a ciki.

Wannan shi ne ciwon. Ƙarya ta yi arha ga mai mulki, gaskiya kuma ta yi tsada ga mai faɗinta. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya shaida wa BBC Hausa cewa akwai kuɗi sama da naira tiriliyan 3 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar Dattawa ta dakatar da shi wata uku. A 2016 ma haka aka yi wa Abdulmumin Jibrin a Majalisar Wakilai bayan ya yi zargin cushe a kasafi: dakatarwar kwana 180 na zaman majalisa. Ba na cewa duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma idan an zargi mai ajiya, akwatin ake buɗewa a ƙirga a gaban jama'a. Nan kuwa mai zargin aka nuna wa ƙofa, duk wanda ke kallo ya ɗauki darasi ya ja bakinsa.

Hatta alƙalin wasan bai tsira ba. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023 INEC ta sha nanata cewa za a ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet nan take. Ranar ta zo, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a kan lokaci, aka ce tangarɗar na'ura ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a Oktoban shekarar, shari'a ta ƙare. Sai dai kotu ba ta iya hukunta wa mutum ya sake yarda da wanda ya ba shi kunya.

Ga sakamakon nan a alƙaluma. A 2003 kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne suka fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2015 aka sauko kashi 44, a 2019 kashi 35, a 2023 kuma kusan kashi 27 kacal cikin mutum miliyan 93. Mutane sun gaji da bin layi a rana don maganar da ba ta wuce ranar rantsuwa. Wanda ya fita ɗin ma, sau da yawa lissafinsa shi ne: tun da ba zan sake ganinsa ba, gara in karɓi nawa yanzu. Daga nan taliya da atamfa da 'yan dubbai suka samu kasuwa. Shi kuma wanda ya sayi ƙuri'a a ganinsa ya biya, ba ya jin ana bin sa bashin komai.

Mu ma da namu laifin, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Idan ɗan takara ya yaudari kowa ya haye, a majalisar hira cewa muke "ai ya iya siyasa". Idan namu ne ya yi ƙarya sai mu ce dabara ce, idan na wasu ne sai mu tuna da Allah.

Mazauna Abuja ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Minista naɗa shi ake yi. Ban da shugaban ƙasa, abin da ƙuri'armu ke kawowa shi ne sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, ciyamomi shida da kansiloli 62. Ciyaman da kansila su ne ke riƙe da makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kuma zaɓensu ne muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Shawarata ga ƙungiyarmu mai sauƙi ce. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya, a zaunar da shi gaban sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa, ya faɗi abu uku da zai yi da lokacin da zai gama su. Sakatare ya rubuta, a ɗauki bidiyo, a saka a wannan shafi. Duk wata shida a ɗauko takardar a karanta a taro, a faɗi abin da ya cika da wanda bai cika ba, ko ɗan jam'iyyar wa ne. Masu neman kujerun 2027 za su yi ta sallama a ƙofofinmu, a fara da su.