Yadda tarar haraji ke rutsawa da masu ritaya a Amurka

Miliyoyin Amurkawa da suka ajiye aiki na fuskantar wata matsala da ba su san ta ba a zamanin da suke karɓar albashi: mutum ya biya harajinsa cif-cif, amma duk da haka hukumar karɓar haraji ta ƙasar, wato IRS, ta ci shi tara saboda bai biya a lokacin da doka ta tanada ba.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa irin wannan tara da ta ɗora wa jama'a ta kai kimanin dala biliyan 7 a shekarar kuɗi ta 2023, alhali a 2022 ba ta kai dala biliyan 2 ba. Hakan ya zo daidai da lokacin da yawan masu barin aiki ke ƙaruwa, domin a 2024 kaɗai Amurkawa fiye da miliyan 4 ne suka cika shekara 65 da haihuwa.

Tushen lamarin

Tun daga 1943, lokacin da ake tsakiyar yaƙin duniya na biyu, majalisar dokokin Amurka ta kafa tsarin cire haraji daga albashi kafin ya isa hannun ma'aikaci. Manufar ita ce gwamnati ta riƙa samun kuɗinta a duk tsawon shekara, maimakon ta jira sai shekara ta ƙare. Ma'aikaci dai ba ruwansa da wannan lissafi, kamfani ne ke yi masa.

To sai dai da zarar ya yi ritaya, nauyin ya dawo kansa. Ɗimbin Amurkawa na ajiyar kuɗin tsufa ne a asusun da ake kira IRA, wanda aka ƙirƙiro a 1974, ko kuma 401(k), wanda ya samo asali daga dokar haraji ta 1978. A irin na gargajiya na waɗannan asusu, ba a biyan haraji a kan kuɗin sai ranar da aka fitar da su. Duk wanda abin da aka cire masa bai isa ba, doka ta ce ya ƙiyasta harajinsa da kansa ya biya kashi huɗu: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Ko a nan ma akwai abin lura, domin zangunan ba daidai suke ba. Na biyu wata 2 ne kacal, na ƙarshe kuwa wata 4.

Abin da ake kira tara a nan, a haƙiƙa kuɗin ruwa ne a kan abin da aka jinkirta. Ana ɗaukar kuɗin ruwan bashin gwamnati na gajeren lokaci a ƙara masa kashi 3 cikin 100. A 2021 jimillar ba ta wuce kashi 3 ba, don haka mutane da dama ba su ma damu da ita ba. Amma bayan da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris na 2022 don yaƙi da hauhawar farashi, tarar ta haura har ta kai kashi 8 daga Oktoban 2023 zuwa ƙarshen 2024, sannan ta sauko zuwa kashi 7 a 2025.

Inda gizo ke saƙa

Doka ta bar ƙofofin tsira. Babu tara idan abin da ya rage wa mutum ya biya bai kai dala 1,000 ba, ko ya riga ya biya kashi 90 cikin 100 na harajin bana, ko kuma daidai da dukkan harajinsa na bara. Ga wanda kuɗin shigarsa na bara suka haura dala 150,000, sai ya biya kashi 110 na harajin baran.

Matsalar ita ce IRS na ɗauka cewa kuɗin shigar mutum sun zo masa ne daidai-wa-daida daga Janairu zuwa Disamba. A ɗauki misalin wanda ya fitar da kuɗi masu yawa daga asusunsa a Disamban 2024, ya kasance yana bukatar ƙarin dala 8,000 kafin ya cika ƙa'ida. Ya biya su duka ranar 15 ga Janairu, yana ganin ya sauke nauyi. A lissafin hukumar kuwa, ya kamata a ce ya biya dala 2,000 tun a Afrilu, wata 2,000 a Yuni, wata kuma a Satumba. Saboda haka za a ci shi tarar kimanin dala 260 a kan kuɗin da a waɗancan watanni ko taɓa su bai yi ba.

Yana da damar kare kansa. Akwai wani sashe na takarda mai lamba 2210 inda zai rarraba kuɗin shigarsa zango-zango, ya nuna cewa a ƙarshen shekara suka shigo. Sai dai aiki ne mai cin rai, kuma da yawa daga cikin tsofaffi sun gwammace su biya tarar su huta.

Wani abin mamaki kuma shi ne, da a ce wannan mutumin ya umarci kamfanin da ke riƙe da asusunsa ya cire dala 8,000 ɗin tun daga tushe a ranar da ya fitar da kuɗin, to ko sisi ba zai biya na tara ba. Dalili kuwa, doka na ɗaukar duk harajin da aka cire daga tushe tamkar an biya shi ne kashi huɗu daidai a cikin shekara, ko da kuwa ranar 30 ga Disamba aka cire. Kuɗi ɗaya ne, mutum ɗaya ne, har ma gwamnati ta samu nata mako biyu ko uku kawai kafin na wancan, amma hukuncin ya sha bamban. Da wuya a iya kare wannan bambanci da hujjar adalci, domin wanda ke da akawu mai ba shi shawara ne ke cin moriyarsa, wanda ba shi da shi kuma ya kwana a ciki.

Abin da kamfanoni ke cirewa idan mai asusu bai ce komai ba, shi ma yana yaudarar mutane. A asusun IRA kashi 10 cikin 100 ne, a 401(k) kuwa galibi kashi 20 ne na dole. Wanda matakin harajinsa ya kai kashi 22 ko 24 zai ga an cire wani abu ya ɗauka an gama, alhali da sauran rina a kaba.

Fitar da kuɗi na tilas

Ba kowa ne ke fitar da kuɗin don ra'ayin kansa ba. Doka ta wajabta wa mai asusu ya fara fitar da wani kaso duk shekara idan ya kai wasu shekaru. A da shekara 70 da rabi ne, dokar 2019 ta mai da shi 72, ta 2022 kuma ta kai shi 73, kuma zai koma 75 daga 2033. Wanda ya ƙi fitarwa, tararsa kashi 25 cikin 100 ce na abin da ya kamata ya fitar, bayan da aka rage ta daga kashi 50. An yarda a jinkirta fitarwar farko zuwa 1 ga Afrilun shekara mai zuwa, amma wanda ya yi haka zai fitar sau biyu a shekara guda, harajinsa ya kumbura, ƙiyasinsa kuma ya wargaje.

Hukumar na iya yafe tarar ga wanda ya yi ritaya bayan ya cika shekara 62, ko ya samu naƙasa, a wannan shekara ko wadda ta gabace ta, muddin ya nuna ƙwaƙƙwaran uzuri. Ta taɓa yin sassauci na bai-ɗaya a kan harajin 2018, inda ta rage ƙa'idar kashi 90 zuwa 80, saboda ruɗanin da sabuwar dokar haraji ta gwamnatin Donald Trump ta 2017 ta haifar. Amma wannan na shekara guda ne kawai.

Batun ya kuma shafi 'yan Afirka da suka yi aiki a Amurka suka koma gida. Wanda ke da takardar zama ɗan ƙasar Amurka, dokokin harajinta na bin sa duk inda ya je, kuma idan a wajen ƙasar za a aika masa da kuɗin, ba zai iya neman a cire ƙasa da kashi 10 ba. Wanda kuwa ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazauninta ba, ana cire masa kashi 30 cikin 100 tun daga tushe, sai fa idan ƙasarsa na da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, abin da Najeriya ba ta da shi.