Harsashin da ke kashe kurege, ya biyo da mikiya

A filayen ciyawa na yammacin Amurka, musamman jihohin Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana, akwai wani nau'in harbi da bai yi kama da farautar da aka sani ba. Maharbi ba ya bin sawu, ba ya laɓe. Teburi yake kafawa, ya ɗora doguwar bindiga mai madubin hangen nesa, ya saiti wata 'yar dabba dangin kurege da ke tsaye a bakin raminta daga nisan mita 300 ko fiye. Amurkawa na kiranta "karen fako" saboda ɗan haushin da take yi in ta hango abokin gaba. Makiyaya kuwa sun sanya ta cikin 'yan ɓarna, don a ganinsu tana cinye wa shanu ciyawa.

Gwanintar ba abin rainawa ba ce. Abin harbin bai kai tsawon kamu biyu ba, ga iskar fako da ke karkatar da harsashi a hanya. Maganin wannan shi ne gudu: harsashi ƙarami, albarushi mai yawa. A 1935 kamfanin Winchester ya fito da harsashin .220 Swift, wanda ke keta sama da mita 1,200 a daƙiƙa guda, wato fiye da ninki uku na gudun sauti. Shi kuwa .22-250 masu haɗa harsashi a gida ne suka ƙirƙiro shi, ta hanyar matse wuyan kwankon wani harsashin da ya fi shi kauri, aka daɗe ana amfani da shi a haka kafin Remington ya mai da shi kayan kasuwa a 1965. Har yau manyan masu wannan sha'awa da hannunsu suke auna albarushi, suna sane da cewa irin wannan zafi yana saurin cinye cikin bututun bindiga.

Matsalar tana cikin abin da ke faruwa bayan harbin. An ƙera waɗannan harsasai ne da siririn ɓawo don su tarwatse da zarar sun taɓa nama, kuma cikin mafi yawansu darma ce. Ba a cin naman karen fako, ba a kuma kwashe mushen. A jihohi da dama ma babu iyaka ga adadin da mutum zai harba a wuni. Saboda haka fili kan cika da mushe mai ɗauke da ɓarɓashin darma, sai mikiya da shaho su sauko su yi kalaci. Darma guba ce da ke lalata jijiyoyin tsuntsu, ta raunana shi har ya kasa tashi. Maharbin da ke alfahari da cewa bai taɓa kuskure ba, ga shi yana kashe abin da bai saita ba.

Ita kanta kalmar "ɗan ɓarna" tana buƙatar bincike. Ramukan karen fako gidaje ne ga wata mujiya mai kwana a ƙasa, shi kansa kuma shi ne kusan dukan abincin wata dabba mai kama da tunku, mai baƙaƙen ƙafafu, wadda aka ɗauka ta ƙare a duniya kafin a sake gano ta a Wayomin a 1981. Guba da noma da annoba sun riga sun share mafi yawan garuruwan karen fako. Harbi ƙari ne a kan ƙari.

Ba lallai ne a haramta harbin ba, domin makiyayin da gonarsa ta cika da ramuka yana da tasa hujjar. Abin da ba shi da hujja shi ne darmar. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ita, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta daga Yulin 2019. Akwai harsasan jan ƙarfe da kuza da ke tarwatsewa kamar na darma. Masu ƙorafi na cewa sun fi tsada, kuma sai an sake saita madubi da awon albarushi kafin su dace da bindiga. Gaskiya ne. Sai dai mutumin da ya biya maƙeri ya yi masa bututu na musamman, ya kuma kwashe dare yana auna albarushi ƙwaya-ƙwaya, da wuya ya gamsar da kowa cewa wahalar sake saiti ce ta gagare shi.