Mota a Mari, Jariri a Asibiti: Ina Takardar Kokenmu?

Jama'ar zango maza da mata, na Ankara da na Kumasi da sauran garuruwa.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kanta a cikinmu har muna kiranta wayo, alhali kuwa rauni ce. Idan ma'aikacin majalisar birni ya garƙama wa motar ɗayanmu mari a taya, ko ya yanka masa tara saboda wurin da ya ajiye ta, hanya biyu kaɗai muka sani. Ko dai a ja shi gefe a dunƙula masa 'yan sidi a tafin hannu, ko kuwa a biya abin da bakinsa ya faɗa ba tare da rasit ba, a koma gida ana Allah ya isa. Hanya ta uku, wato a biya a kan ƙa'ida sannan a rubuta takardar koke, mun bar wa wasu kamar ba da mu aka yi dokar ƙasar nan ba. Kuma babu wanda wannan ɗabi'a ta fi cuta kamar angon ƙarni.

Ku dubi halin mutumin da matarsa ta haihu kwana uku da suka wuce, aka riƙe ta a asibiti saboda an yi mata aiki ko saboda jariri ya zo da shawara. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai jego hutun aƙalla mako goma sha biyu, amma ba ta ba uba ko da yini ɗaya ba. To balle direban tasi ko ɗan kasuwa, wanda ranar da bai fita ba tukunya ba za ta hau murhu ba. Da asuba shi ne da ruwan zafi da kunun kanwa, da rana shi ne neman magani, da dare shi ne kwana a kan benci. Ya iso ya tarar filin ajiye motoci ya cika maƙil, ya raɓa motarsa a gefen titi, ya ruga ciki da fulas. Kafin ya fito an sa mata mari. A aljihunsa akwai kuɗin ragon suna, kuma saura kwana huɗu. A wannan hali ne wani ɗan'uwa mai son alheri zai matso ya raɗa masa cewa, "Malam, ka ba shi na goro kawai a wuce wurin." Da masu wannan raɗa nake jayayya.

Da farko, a kira abu da sunansa. Kuɗin da aka ba ma'aikaci a ɓoye domin ya kau da kai rashawa ce, ko an kira ta goro, ko an kira ta kuɗin ruwa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Na san za a ce wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka zalunta, idan ba shi da wata hanyar karɓo haƙƙinsa sai ta nan. Haka ne, amma ku lura da sharaɗin: sai idan babu wata hanya. To wace hanya muka gwada? Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, bai taɓa taka ƙofar ofis ba, da wane baki zai ce ƙofa a kulle take? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin alamomin mulkin zalunci. Abin kunya ne a ce mu da muke alfahari da wannan karatu mu ne muke raya abin da ya zarga, a bakin titi, da hannunmu.

Na biyu, ga masu cewa a yi haƙuri, komai muƙaddari ne. Haƙuri ibada ce mai girma, amma haƙuri a kan abin da mutum ba shi da ikon sauyawa ake yi. Wanda aka karɓe wa kuɗi ba rasit ya yi shiru, ya sayo wa na bayansa irin wannan wahala ne, domin ma'aikacin da ya ga ana biya ba a tambaya gobe ma nan zai tsaya. Na san inda wannan shiru ya samo asali. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, zanguna suka watse, aka bar gidaje da shaguna. Tun daga nan iyayenmu suka koya mana cewa ofis wuri ne da ake shiga da ƙafa biyu a fito da ɗaya, kuma sunan mutum a kan takardar hukuma tarko ne. Suna da uzuri. Amma yau an fi shekara hamsin, mu 'yan ƙasa ne, muna zaɓe, muna biyan haraji a kasuwa da tasha. Tsoron da ya tsare kakanni ya zama igiya a wuyan jikoki.

Ga abin da doka ta tanada, ga wanda bai sani ba. Sashe na 23 na tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa hukumomi da ma'aikatansu su yi aiki da adalci da hankali, ya kuma ba wanda ya ga an cuce shi damar neman gyara. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta tanadi kwamitin sauraron koke-koken jama'a a kowace majalisa, ƙarƙashin shugaban zaman majalisar. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin ma'aikatu, wadda aka fi sani da CHRAJ, da aka kafa a 1993, tana karɓar koke kyauta, a rubuce ko da baki. Sannan kowace unguwa tana da wakilinta da muka zaɓa da yatsunmu, wanda muke ganinsa wajen suna da jana'iza. Duk waɗannan da kuɗinmu ake tafiyar da su. Wanda ya gina rijiya ya koma yana sayen ruwa, kada ya zargi kowa.

Yanzu bari in juya ga masu mari. Ba na cewa a bar kowa ya ajiye mota inda ya ga dama. Wanda ya san Adum ko Kejetia ko titin Nima da yamma ya san abin da mota ɗaya za ta iya jawowa. Wanda ya toshe ƙofar da motar ɗaukar marasa lafiya take bi, ya yi laifi ko da 'yan uku matarsa ta haifa, domin cikin waccan motar ma ran wani ne. Gajiya ba ta mayar da laifi ya zama daidai. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya toshe hanya da wanda ya raɓa na minti goma a inda babu allon hani, babu fenti a ƙasa, babu kuma wani wuri da aka tanadar wa mai sauke majiyyaci. Wanda bai iya bambance waɗannan biyu ba, kuɗi ya fito nema, tsarin titi bai dame shi ba.

Malamanmu na fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa tsanani yana jawo sauƙi, shi ya sa aka yi wa mai shayarwa rangwame a azumi. Kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ji kukan wani jariri da dare a Madina. Da ya bincika sai ya tarar uwar tana ƙoƙarin yaye shi tun lokaci bai yi ba, saboda baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Bai ce doka doka ce ba. Ya sauya ƙa'idar, ya ce a riƙa yanka wa kowane jariri tun daga haihuwa. Ku lura da abu guda a wannan labari: sai da kukan ya kai kunnen shugaba sannan doka ta sauya. A zamaninmu shugaba ba ya yawon dare a unguwanni. Takarda ce take kai masa kukan.

To yaya ake yi? Kada a yi cacar baki da ma'aikaci, kada a taɓa marin, domin wannan wani laifi ne dabam. A ɗauki hoton motar da wurin da waya, yadda za a ga ko akwai allo ko babu. A rubuta rana da lokaci da lambar mota. Idan dole ne a biya kafin a saki motar, a biya a ofis, a karɓi rasit na hukuma mai lamba, domin biya ba ya hana koke, rashin rasit ne yake kashe shi. Daga nan a rubuta takarda gajeriya, shafi ɗaya: ga abin da ya faru, ga dalilin tsayawa, ga abin da ake nema, ko a yafe, ko a rage, ko a mayar. A haɗa da kwafin rasit da na takardar asibiti ko littafin awo. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimi a kan ɗayan a riƙe, a kai wa wakilin unguwa nasa. Kuma a ji tsoron Allah kada a ƙara gishiri. Wanda ya tsaya minti arba'in kada ya rubuta biyar. Ƙarya ɗaya da aka kama tana ɓata takardun mutum goma masu gaskiya da ke bayansa.

Za a ce angon ƙarni da ko barci bai samu ba, ina shi ina rubutu, ga shi da Turanci? A nan ne laifin ya dawo kanmu gaba ɗaya. Ranar suna za mu cika titi da rumfa da kujeru, a raɗa suna, a ci tuwo, a yi hoto. Amma ranar da uban jaririn yake tsaye a rana gaban motarsa, babu ko mutum ɗaya. A aikina na magatakarda na rubuta takardun gado da na fili da na sulhun aure ba adadi, amma masu zuwa neman takardar koke a kan tara sai a ƙirga su da yatsu. Kowane zango yana da samari da 'yan mata da suka gama jami'a. Me zai hana kowane masallacin Juma'a da kowace fadar sarkin zango su ware mutum biyu domin wannan aiki? Wannan ma zumunci ne, kuma ya fi buhun shinkafa daɗewa.

Ba na yi wa kowa alkawarin cewa duk takardar da aka rubuta za a mayar da kuɗi. Wata za ta kwana a cikin durowa. Amma kuɗin da aka dunƙula a hannu ba ya barin sawu, takarda kuwa tana bari. Idan takarda ashirin suka taru a kan titi ɗaya gaban asibiti ɗaya, wakilin unguwa ya sami abin riƙewa a zauren majalisa ya nemi a kafa allo, a kuma ware wurin sauke majiyyata. Da haka ake gyara gari. Saboda haka ina kira ga sarakunanmu da limamanmu su faɗi wannan magana a fili, a kan mumbari da wajen taro, su daina barin ta a raɗa.

Allah ya raya abin da aka haifa mana a kan sunna, ya ba masu jego lafiya, ya ba iyaye maza juriya da halal, ya kuma ba masu iko kunnen sauraro. Wassalamu alaikum.