FILIN MATASA: Baƙo a Duniyar 'Yan Takobi, Nemi Masauki Nagari

 A wannan karo za mu taɓa wani abu ne da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, wato wasan faɗa irin na mutanen Sin wanda samari da 'yan mata ke bugawa ta intanet tare da dubban mutanen da ba su taɓa gani ba. Daga Nima zuwa zangon Kumasi har Tamale akwai yaranmu da suka riga suka shiga, akwai kuma masu shirin shiga. Iyaye na tambaya ko mene ne wannan abu, yara kuwa na tambaya ta ina ake farawa. To, za mu yi ƙoƙarin amsa wa kowa gwargwadon iko.

Dattawan da suka yi zamanin silima ba baƙin wannan harka ba ne. Su ne suka kalli Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, suka kuma ga Jet Li yana matashi a fim ɗin Shaolin Temple na 1982. Labarun jarumai masu takobi, masu tsalle bisa rufin ɗaki, masu rama wa malaminsu, Sinawa na ce musu wuxia, kuma marubucin da ya fi shahara a kansu shi ne Jin Yong, wanda ya rasu a 2018. Abin da ya sauya yau shi ne, a da yaro kallo yake yi, yanzu kuwa shi ne ke riƙe da takobin.

Irin waɗannan wasanni suna da yawa. Akwai Blade & Soul da ya fito a Koriya ta Kudu a 2012, akwai Where Winds Meet na kamfanin NetEase da aka buɗe wa duniya ranar 14 ga Nuwamba 2025, wanda labarinsa ya faru a ƙarni na 10. Amma misalinmu na yau shi ne Age of Wushu kamar yadda ya fito tun farko, domin a cikinsa ne aka fi ganin amfanin ƙungiya a fili. Kamfanin Snail na birnin Suzhou ya fitar da shi a Sin a 2012, ya kai shi Amurka a watan Afrilun 2013, kuma Jet Li ɗin nan ne ya yi masa talla. An gina shi kan zamanin sarautar Ming, wadda ta mulki Sin daga 1368 zuwa 1644. Dokokin irin waɗannan wasanni kan sauya daga shekara zuwa shekara, amma ƙashin bayansu ɗaya ne.

Da ka shiga, za ka ƙirƙiri jaruminka, ka raɗa masa suna, sa'an nan ba da jimawa ba a ce ka zaɓi makarantar faɗa. Guda takwas aka fara da su: Shaolin, da Wudang, da Emei, da Mabarata, da gidan Tang masu guba da makaman jifa, da Masana masu haɗa takobi da kiɗa, da Dogaran Sarki, da mutanen Kwari. Uku na farko sunayen wurare ne na gaske, domin gidan ibadar Shaolin yana lardin Henan, dutsen Wudang yana Hubei, na Emei kuma yana Sichuan. Shaolin jarumai maza kaɗai take karɓa, Emei kuwa mata kaɗai. Faɗan kansa yana da ƙafa uku: sara kai tsaye yana cin yaudara, yaudara tana karya kariya, kariya kuma tana tare sara. Wanda bai gane wannan ba, ko takobinsa na zinariya ne, ƙasa zai sha.

A nan ne sabon shiga kan ruɗe, ya ɗauka makaranta ita ce ƙungiya. Ba haka ba ne. Makaranta kamfani ne ya gina ta, malamanta kuma kwamfuta ce ke motsa su. Ƙungiya kuwa 'yan wasa ne suka kafa abarsu, shugabanta mutum ne mai rai da ke zaune a wata ƙasa, yana da halinsa, yana da fushinsa, yana da lokacin barcinsa. Makaranta za ta koya maka sara, amma ƙungiya ce za ta nuna maka gari.

Mu mutanen zango bai kamata wannan ya zame mana sabon abu ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro ba su taɓa kama hanya ɗaiɗai ba. Ayari suke haɗawa, da madugu mai ja gaba da shawara, da jagaba mai duba hanya, da uban dawaki, in sun isa kuma su sauka wurin mai gida, wanda zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Bayan yaƙin Salaga na 1892, da 'yan kasuwa suka watsu zuwa wasu garuruwa, da wannan tsari suka tafi. Abin mamaki, a cikin wasan nan ma akwai ayari. 'Yan ƙungiya kan ɗauki aikin rakiyar keken kaya daga wannan wuri zuwa wancan, wasu 'yan wasa kuma su tare hanya su yi fashi. Wanda ya fita shi kaɗai da kaya ya zama nama.

Ba rakiya kaɗai ba. Ƙarfin jarumi a wannan wasa yana ƙaruwa ne a hankali, kamar yadda ruwa ke tsatsafowa a rijiya, kuma hanya guda ta hanzarta shi ita ce horon taro, inda mutane har goma za su jeru, kowa ya danna maɓallan da aka nuna masa, ladan da za a samu kuma ya danganta da yadda aka yi daidai. Ga kuma sana'o'i 17, daga noma da su da farauta da haƙar ma'adini, zuwa ƙira da ɗinki da girki da haɗa magani, har da zane da kiɗa. Ba a barin mutum guda ya haɗa dukkan sana'o'in hannu, don haka maƙeri na bukatar tela, tela na bukatar mai girki. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da gangan masu wasan suka tsara shi haka.

To, yaya za ka zaɓi ƙungiya? Shawararmu ta farko ita ce kada ka yi gaggawa. Tun ranar farko za ka ga gayyata na shigo maka daga mutanen da ba su ko gaishe ka ba. Mafi yawan irin waɗannan yawan kai kawai suke nema. Ka yi kwana biyu ko uku kana zaga gari, kana karanta hirar da ake yi a fili, ka ga wa ke amsa tambayar sababbi da ladabi, wa ke yi musu dariya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a wasan da ake yaƙi tsakanin ƙungiyoyi, ranar da ka ɗauki sunan wata ƙungiya, ranar ka gaji abokan gabarta, ko da ba ka san abin da ya haɗa su ba.

Na biyu, ka tambayi lokacin da suke haɗuwa, domin nan ne yaranmu suka fi cutuwa. Agogon Gana ɗaya yake da na Girinwic. In ƙungiyarka ta mutanen gabashin Amurka ce, suka sa yaƙi ƙarfe 8 na darensu, to a Ankara ƙarfe 12 ne na dare ko 1, gwargwadon lokacin shekara. In ta mutanen Sin ce, ƙarfe 8 na darensu shi ne 12 na ranarmu, lokacin da ɗalibi ke aji, ɗan koyo ke shago. Ta mutanen Jamus ko Faransa kuwa, ƙarfe 8 ɗinsu shi ne 6 ko 7 na yammarmu. Haka nan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, in ta yi nisa ƙwarai, sai ka kai sara a makare, abokin karawarka ya riga ya gama da kai. Saboda haka inda aka ba da zaɓi, sabar Turai ta fi dacewa da mu.

Na uku, ka tambayi abin da suke bukata daga gare ka. Ƙungiyar kirki za ta faɗa maka a fili: kwana nawa a mako, wace gudummawa, da wane harshe ake magana, kuma yaya ake raba ganima. Kai ma ka faɗi gaskiyarka, ka ce ni sabo ne, wuta kan ɗauke mana, data kan ƙare mini, ranar kaza ba na samuwa. Madugun da ya ji haka ya ce ba komai, shi ne naka. Wanda ya ce ko dai kullum ko kada ka zo, ka yi masa godiya ka wuce.

In an karɓe ka, sai ka riƙe ladabin baƙo. Ka yi gaisuwa in ka shigo, ka yi sallama in za ka fita. Matambayi ba ya ɓata, amma ka fara karanta dokokin da aka rubuta kafin ka tambayi abin da ke ciki. Kada ka buɗe baki da roƙon takobi ko sulke. Ka kama ƙaramar sana'a, ko saran itace ne, ka riƙa kawo wa jama'a abin da ka samu, za ka ga manya da kansu sun fara nemanka. In ka yi alkawarin zuwa rakiya ka zo, domin mutane ne na gaske ke tsaye suna jiranka. Kada kuma ka je ka tsokano faɗa da sunan ƙungiya. A wasan nan mai kashe mutane barkatai sunansa kan ɓaci, a sa lada a kansa, a kama jaruminsa a ɗaure. Har ma wanda ya kashe kwamfuta ya tafi, jaruminsa kan ci gaba da zama a gari yana aiki, wani ya iya sace shi ya sayar. A irin wannan duniya, wanda ba shi da mutane ba shi da komai.

Sai maganar kuɗi. Ana ce wa waɗannan wasanni kyauta, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Shiga ce kyauta, a ciki kuwa akwai kanti, da riguna, da dawaki, da biyan wata-wata mai sa jarumi saurin girma. A ƙarshen 2011, tun wasan bai fito ba, jaridu sun ba da labarin wani mutum a Sin da ya biya kimanin dala 16,000 a gwanjo domin makami guda na cikin Age of Wushu, abin da ba zai taɓa riƙewa da hannunsa ba. Kai da ke lissafin sidi, kada ka yi tsere da irin waɗannan. Watan farko kada ka kashe ko kwabo bayan kuɗin data. In daga baya za ka saya, ka yanke wa kanka iyaka tun kafin ka buɗe kantin, kuma da kuɗinka, ba da na wayar mahaifiyarka ba.

Sirrinka kuma ka riƙe shi gam. Kada ka ba kowa kalmar sirrinka, ko shugaban ƙungiya ne, ko ya ce zai ɗaga maka jarumi kana barci. Kada ka tura kuɗi ta waya ga wanda ya ce yana sayar da azurfar wasa da araha, domin ko dai ya gudu da kuɗin, ko kamfani ya rufe maka asusu. Sunanka na gaskiya, da unguwarku, da makarantarku, da hotonka, ba kayan hira ba ne, musamman ga ƙannenmu mata. In an zage ka saboda ƙasarka ko launinka, kada ka rama, akwai wurin toshe mutum da wurin kai ƙara. In kuwa shugabanni sun ji sun yi shiru, wannan ba masauki ba ne, tattara naka ka fita.

Iyayenmu, ga taku. Ƙwace waya da duka ba sa kashe wannan sha'awa, sai dai su koya wa yaro ɓoyewa. Ku zauna kusa da shi ya nuna muku jaruminsa, ku tambaye shi su wane ne abokan tafiyarsa, da ƙarfe nawa suke haɗuwa, sa'an nan ku yanka masa lokaci. Ba ku kaɗai ke da wannan damuwa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta amince da su, a 2021 kuma gwamnatin Sin, ƙasar da wasan ya fito, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa guda a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Alamar da za ku duba ita ce barci, da karatu, da aiken gida, da zama cikin mutane. In waɗannan na nan daram, ku bar shi ya yi wasansa, zai ma ƙaru da Turanci da sanin zama da baƙi. In sun fara zubewa, lokacin magana ya yi.

Ku kuma samari, in kun yi ƙarfi har kun san gari, ku tuna da ranar da kuka shigo ba ku san gabas ba. Ku kama hannun na baya, musamman namu da za ku ji suna lalube da Turanci. In kun kai biyar ko goma a saba guda, ba abin da zai hana ku shiga ƙungiya ɗaya, ku riƙa gaisawa da Hausa kuna tsare wa juna kaya a hanya.

Nan za mu dasa aya a wannan wata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto wa wannan fili. Allah ya shirya mana zuriya, ya kai mu wata mai zuwa lafiya. Mu kwana nan.